KIƊAN MORPHINE NA AMURKA: BUSA, TSIRKIYA BIYU DA GANGA

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne yin bayani a kan wani nau'in kiɗa na ƙasar Amurka wanda ya ɓulla a ƙarshen shekarun 1980, wanda kuma ƙungiyar makaɗa mai suna Morphine ta fi kowa shahara da shi. Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa mai nazarin tarihin gida da kiɗan Turawan Amurka? Amsar tana cikin yadda na fara cin karo da shi.

A shekarar 1994 aka tura ni kwas na wata uku a kan adana takardun tarihi a birnin Boston da ke jihar Massachusetts. Na tafi da kaset-kaset na gida don rage kewa, a ciki har da na marigayi Ɗan Maraya Jos. Wata rana ina saurare a ɗakin hutu, sai wani Ba'amurke da muke kwas ɗin tare ya tsaya ya kasa kunne, can ya tambaye ni ko mutum nawa ne suke wannan kiɗa. Na ce mutum ɗaya ne, abin kiɗan kuma tsirkiya ɗaya gare shi, jikinsa gwangwani ne da aka rufe da fata. Ya yi dariya, ya ce su ma suna da irin wannan mutum a nan kusa, sai dai shi nasa tsirkiya biyu ne. Washegari ya kawo mini kaset na wani faifai mai suna Cure for Pain, wato maganin ciwo. Tun daga lokacin nake bibiyar labarin waɗannan makaɗa.

Akwai kuma wani dalili. Na sha jin malamai, har da waɗanda ke koyar da al'adu, suna cewa kayan kiɗanmu na gargajiya ba su cika ba, tun da kuntigi da goge tsirkiya ɗaya gare su, gurmi da garaya biyu, molo uku, alhali jitar Bature tana da shida. Wannan magana tana shiga kunnen yara, ita ce kuma take sa yaro ya ji kunyar ɗaukar gurmin kakansa. Labarin Morphine labari ne na mutanen da suke da jita mai tsirkiya shida a hannu, suka ajiye ta da gangan.

Kayan kiɗan

Kafin a shiga tarihin ƙungiyar, ya kamata a san kayan aikinta.

Na farko shi ne sakisofon. Wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan badujala na soja ko na 'yan sanda a filin fareti ya san shi: abin busa ne na tagulla, mai lanƙwasa kamar lofe, da maɓallai birjik a jikinsa. Wani maƙerin kayan kiɗa ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Sax ne ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a birnin Faris a shekarar 1846. Duk da cewa jikinsa ƙarfe ne, abin da ke ba da amon ɗan siririn kara ne da ake ɗaurawa a bakinsa, wanda ke karkarwa idan an hura iska. Ta wannan fuska ɗan'uwan algaita ne, sai dai algaita kara biyu ne ke haɗuwa a bakinta, shi kuwa ɗaya ne. Sakisofon iri-iri ne, daga ƙarami mai siririyar murya har zuwa manya. Wanda ya shafe mu a nan shi ne wanda ake kira baritan, ƙato ne da nauyinsa kan kai kilo biyar ko shida, sai an rataya shi da maɗauri, muryarsa kuma mai kauri ce kamar ta babban mutum. Waɗanda suka saurari Fela Kuti sun ji shi, domin shi ne Lekan Animashaun, wanda aka fi sani da Baba Ani, ya yi shekaru yana busawa a ƙungiyar Fela.

Na biyu shi ne jitar bes, wato jita mai kaurin amo da ake haɗawa da lantarki. Kamfanin Fender na Amurka ne ya yaɗa ta tun daga 1951. Bisa al'ada tsirkiya huɗu gare ta, aikinta kuma shi ne riƙe gindin kiɗa tare da ganga. A mafi yawan ƙungiyoyi mai kaɗa bes a baya yake tsayawa, ba a cika lura da shi ba sai in ya yi shiru.

Na uku ganguna ne irin na Turawa, waɗanda mutum ɗaya ke zama a tsakiyarsu yana kaɗawa da hannuwa da ƙafafu.

To, a kiɗan da ake kira rok, jita mai tsirkiya shida ita ce sarauniya. Ba haka abin ya faro ba. A shekarun 1950, a faya-fayan Little Richard da Fats Domino, sakisofon ne ke karɓar waƙa idan mawaƙi ya numfasa. Daga baya jitar lantarki ta ture shi gefe, ya koma zama na 'yan jaz. Zuwa 1991, lokacin da ƙungiyar Nirvana ta fitar da faifanta Nevermind, kasuwar matasan Amurka ta cika da ƙarar jita mai tsananin kururuwa. A cikin wannan yanayi ne waɗansu mutum uku suka fito da ƙungiyar rok wadda ba ta dogara da jita ba sam.

Mutanen da suka kafa ta

An kafa Morphine a shekarar 1989 a garin Kambirij na jihar Massachusetts, ba na Ingila ba. Kogi ne kawai ya raba garin da Boston, kuma a nan Jami'ar Harvard take. Jagoran ƙungiyar shi ne Mark Sandman, wanda aka haifa a 1952 a garin Newton na wannan jiha. Shi ne mawaƙi, shi ke tsara waƙoƙin, shi ke kaɗa bes. Mabushin sakisofon shi ne Dana Colley. Makaɗin ganga na farko Jerome Deupree ne, daga baya Billy Conway ya gaje shi.

Sandman bai shigo harkar da ƙuruciya ba. Ya yi yawon duniya, ya yi aikin gini, ya yi aikin kamun kifi a jirgin ruwa, ya yi tuƙin tasi, inda har wani ɗan fashi ya taɓa daɓa masa wuƙa. Ya kuma rasa 'yan'uwansa maza biyu. Ina ganin wannan duka yana cikin muryarsa, domin murya ce ta mutumin da ya ga jiya ya ga yau, ba ya ɗaga ta, kusan magana yake yi. Kafin Morphine ya yi wata ƙungiya mai suna Treat Her Right tare da Billy Conway, inda suke kiɗan bulus, wato kiɗan baƙaƙen fata na kudancin Amurka. Tun a can ya fara nuna halinsa na rage kaya: ƙungiyar ba ta da jitar bes, sai ya riƙa saukar da amon jitarsa ƙasa da na'ura, Conway kuma ganga ɗaya doguwa yake kaɗawa a tsaye.

Da ya zo kafa Morphine, sai ya ɗauki tsohuwar jitar bes ya cire mata tsirkiyoyi ya bar guda ɗaya tak. Daga baya ya ƙara ta biyu, a haka kuma ya tsaya. Su da kansu suka laƙaba wa kiɗansu suna da Turanci, ma'anarsa rok na ƙasa-ƙasa, saboda komai nasu mai kauri ne: bes, busa da muryar mawaƙi.

Game da sunan ƙungiyar, dole in tsaya kaɗan. Mofin sunan magani ne mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa don kashe zogi, wanda kuma mashaya ke lalata kansu da shi. Ɗan'uwan kodin ne, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a 2018 bayan ɓarnar da ya yi wa matasanmu. Sandman ya bayyana cewa daga Morpheus ya ɗauko sunan, wato abin bautar tsoffin Girkawa da suke dangantawa da mafarki, wanda daga sunansa ne maganin ma ya samo nasa. Ko da hakan ne, ni dai ban ga hikimar zaɓen wannan suna ba, kuma malamin da zai ambace shi a aji ya shirya amsa tambayar ɗalibai.

Yadda kiɗan yake aiki

Nan ne zuciyar maganar, saboda haka zan ɗan tsawaita.

Wuyan jita yana da ƙananan ƙarafa da aka gitta masa. Idan makaɗi ya danne tsirkiya a bayan ɗaya daga cikinsu, sai ta ba da sauti guda tsayayye, na gaba kuma ya ba da wani, kamar matakalar bene. Sandman ba ya danne tsirkiya da yatsa. Wani ɗan bututu yake sa wa a yatsansa na hagu, ya ɗora shi a kan tsirkiyoyin yana zamewa sama da ƙasa. Saboda haka sautin ba ya tsalle daga mataki zuwa mataki, gangarawa yake yi yana hawa, yana bi ta duk sautukan da ke tsakani. Kunnen Bahaushe ya saba da wannan. Haka goge yake yi, haka kalangu yake yi idan aka matse shi a hammata aka saki, kuma da wannan lanƙwasa ne suke kwaikwayon karin sautin maganar mutum.

Sai kuma yadda yake ɗaure tsirkiyoyin biyu. Malaman da suka koyi do, re, mi za su gane wannan cikin sauƙi. A kiɗan Turawa ana haɗa sauti uku a buga su lokaci guda, misali do da mi da so. Na tsakiyan nan, wato mi, shi ne ke nuna launin kiɗan: idan yana wurinsa sai a ji kiɗan da walwala, idan aka sauke shi kaɗan sai a ji shi da juyayi. Sandman yakan ɗaure tsirkiyoyinsa da tazarar do da so, babu mi. Ke nan bes ɗin ba ya yanke hukunci ko kiɗan na murna ne ko na baƙin ciki. Ya bar wannan gurbi a buɗe, sai murya ko busa su cike shi yadda suka ga dama, su kuma canza shawara a tsakiyar baiti. Da a ce akwai jita mai tsirkiya shida ko fiyano, da sun cike gurbin tun kafin mabushi ya buɗe baki.

Wannan dabara daga jaz aka gado ta. A 1952 Gerry Mulligan, wanda shi ma baritan yake busawa, ya kafa ƙungiyar mutum huɗu tare da Chet Baker ba tare da fiyano ba, abin da ya ba mutane mamaki a lokacin. A 1957 Sonny Rollins ya yi faifansa Way Out West da sakisofon da bes da ganga kawai. Ashe tsarin mutum uku na Morphine tsohon tsari ne a wurin 'yan jaz. Abin da yake sabo shi ne ɗauko shi a yi waƙoƙin rok gajeru da shi, na minti uku zuwa huɗu, masu baiti da amshi.

Aikin Dana Colley a ciki ya kasu. Wani lokaci yana bin bes sau da ƙafa, su biyun su faɗi abu ɗaya, har ka kasa rarrabe wane ne wane, sai ka ji kamar wani ƙaton abin kiɗa ne guda. Wani lokaci kuma yana jira Sandman ya kai ƙarshen layi ya amsa masa. Har ila yau yakan sa sakisofon biyu a baki lokaci guda, baritan da wanda bai kai shi girma ba, ya busa su tare, dabarar da makahon mabushin nan na jaz Rahsaan Roland Kirk ya yi suna da ita.

Bayan na dawo gida na kunna wa wani tsohon mai gurmi na garinmu wannan kaset, ban gaya masa komai ba. Ya saurara har waƙa biyu, sa'an nan ya ce, "Yallaɓai, wannan gurmin ƙato ne, kuma ya saki tsirkiyarsa da yawa. Amma ɗan amshinsa ya san aiki." Na ce masa ai babu ɗan amshi, busa ce. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ko da me yake yi, amshi yake yi." Na daɗe ina karanta abin da marubutan Amurka suka rubuta a kan wannan ƙungiya, ban ga wanda ya fayyace aikin Colley a taƙaice kamar wannan tsoho ba.

Shin akwai dangantaka da kiɗanmu?

A nan ina so mu yi hattara, domin mu masu son tarihin gida muna da saurin cewa komai daga wurinmu ya fito.

Abin da ya tabbata shi ne, dabarar zame kwalba ko ƙarfe a kan tsirkiya ta daɗe a wurin baƙaƙen fata na kudancin Amurka. Yaran karkara a jihar Mississippi sukan kafa waya guda a jikin katako ko bangon ɗaki, su ɗame ta, su riƙa bugawa suna zame kwalba a kai. Daga nan makaɗan bulus da dama suka fara. Masanin kiɗan Afirka ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya fitar da littafi a 1999 mai suna Africa and the Blues, inda ya nuna cewa yawancin siffofin waƙar bulus, kamar mawaƙi guda da abin kiɗa mai tsirkiya da lanƙwasa murya, sun fi kama da na yankin da ya taso daga Mali ya ratsa arewacin Gana da arewacin Nijeriya har zuwa Kamaru. Cikin misalan da ya kawo har da wani mai goge da ya ɗauka a Kamaru a 1964. Amma ita wayar nan guda da ake zame wa kwalba, ya danganta asalinta ne da Afirka ta Tsakiya, ba ƙasar Hausa ba.

Saboda haka ba daidai ba ne malami ya ce wa ɗalibai Sandman daga gurmi ya kwaikwayi bes ɗinsa. Iyakar abin da za a ce shi ne, ya sha daga bulus, bulus kuma yana da jijiya a Afirka ta Yamma, yankinmu na ciki.

Faya-fayansu

Faifansu na farko, Good, ya fito a 1992 a hannun wani ƙaramin kamfani na yankinsu, daga baya kamfanin Rykodisc ya sake fitar da shi. Cure for Pain ya biyo baya a 1993, shi ne kuma ya fito da su duniya, aka sayar da fiye da kwafi 300,000, adadi mai yawa ga ƙungiyar da manyan gidajen rediyo ba su cika sa waƙoƙinta ba. Gidajen rediyon jami'o'i da yawan zagaye suna wasa su suka tallata su, sai kuma fim ɗin Spanking the Monkey na 1994 da ya yi amfani da waƙoƙinsu. A Turai sun sami karɓuwa ƙwarai, musamman a Faransa da Beljiyam. Yes ya fito a 1995, sai Like Swimming a 1997 bayan sun koma babban kamfanin DreamWorks. A ra'ayina wannan na huɗun ya fi sauran rauni, kamar sun fara maimaita kansu.

Kalmomin waƙoƙin suna da tasirin marubuci Jack Kerouac da na marubutan labaran 'yan ta'adda da masu bincike irin su Jim Thompson. Duniyar dare ce: caca, mashaya, bashi, neman matar wani da abin da ke biyo baya. Ba ya yabon waɗannan abubuwa kai tsaye, yawanci mai ba da labarin shi ne ke kwana a ciki, amma ba waƙoƙi ne na yara ba. Malamin da yake son nuna wa ɗalibai amon kawai yana iya amfani da ɗan gajeren kiɗan da ya buɗe Cure for Pain, mai suna Dawna, domin busa ce zalla babu waƙa.

Palestrina, 1999

Ranar 3 ga Yuli 1999 Morphine suna wasa a wani bikin kiɗa mai suna Nel Nome del Rock a garin Palestrina na ƙasar Italiya, kimanin kilomita 40 gabas da birnin Rum. An yi zafi sosai a ranar. Ba su daɗe da farawa ba Sandman ya yanke jiki ya faɗi a kan dandamali a gaban dubban 'yan kallo. Bugun zuciya ne. Ya rasu yana da shekara 46.

Kafin tafiyar sun riga sun kammala faifai na biyar, The Night, wanda aka yi a ɗakin ɗaukar sauti na gidan Sandman, ya kuma fito a farkon 2000. A cikinsa makaɗan ganga biyun, Deupree da Conway, sun yi aiki tare, an kuma ƙaro kayan kiɗa: fiyano, manyan gogen Turawa, muryoyin mata, har da udu na Larabawa wanda wani ɗan Maroko, Brahim Fribgane, ya kaɗa. Wato mutumin da ya yi suna da ragewa ya fara ƙari a ƙarshen rayuwarsa. Na fi sauraren wannan faifai yanzu da na tsufa, ko da yake Cure for Pain ne zan miƙa wa wanda bai taɓa jin su ba.

Colley da Conway sun tara abokai suka yi zagaye da sunan Orchestra Morphine don gabatar da waƙoƙin faifan, daga baya suka kafa Twinemen tare da mawaƙiya Laurie Sargent. A 2009, shekara goma da rasuwar, Colley da Deupree suka koma Palestrina suka yi wasa tare da Jeremy Lyons, wani makaɗin bulus da ambaliyar guguwar Katrina ta 2005 ta raba da birnin New Orleans ya dawo yankin Boston. Lyons ya koyi kaɗa bes mai tsirkiya biyu, wannan haɗuwa kuma ita ce ta zama ƙungiyar Vapors of Morphine, wadda ta riƙa haɗa waƙoƙin Sandman da kiɗan Mali irin na Ali Farka Toure. Billy Conway ya rasu a watan Disamba 2021.

Hukumar garin Kambirij ta sa wa wata mahaɗar titi sunan Mark Sandman, a unguwar Central Square, dab da gidan wasan Middle East inda ya sha yin kiɗa. Na bi ta wannan mahaɗa sau da dama a 1994 a kan hanyata ta zuwa shagon sayen kayan miya, lokacin ba a sa mata sunan ba tukuna.